Inna Ba Ta Ajiye Azumi Sai Ta Ga Tuwona

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Sufuri na mahaɗar hanyarmu, tare da dattawan da ke zama da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi wa Malam barka da shan ruwa, da fatan iyali suna lafiya, ibada tana karɓuwa. Allah ya sa muna cikin bayin da za a 'yanta a wannan goma ta ƙarshe, amin.

Sunana Rabi, ina aure a Dugabau, gidanmu kuma yana Madadi. Sana'ata kitso. Malam bai san ni ba, amma yaransa da ke tsayuwa a mahaɗa sun san ni: ni ce matar da suka sauke daga babur ranar ƙaramar Sallar bara, da goyo a baya da kular tuwo a hannu. Na zo ofis na zauna a benci har aka kira azahar, aka ce Malam yana taro. Na sake dawowa aka ce ya shiga birni. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani zai karanta masa.

Na farko, ina so Malam ya sani ba na faɗa da dokar. Ranar da aka sanar an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata ina cikin waɗanda suka ce madalla, don 'ya'ya mata gare ni, kuma na san abin da idona ya gani a kan hanya. An ce za a kawo keke mai ƙafa uku domin mata. Muna jin labarinsa a rediyo, waɗanda suka je birni sun ce sun gan shi, wai har da labule. Mu dai nan bai taɓa tako ƙasarmu ba.

Na biyu, ga yadda gidana yake. Maigidana ma'aikacin masaƙa ne a da. Da aka rufe ta ya koma gadi a gidan wani Alhaji a birni, kuma Sallah ita ce lokacin da ba ya motsawa, domin masu gidan tafiya suke yi su bar masa ƙofa. Saboda haka ni ce uwa ni ce uba a wannan mako. Ga surukina tsoho da ba ya cin tuwon kowa sai nawa. Ga 'yan mata uku da kowacce take ganin ɗinkinta ne tela ya kamata ya fara gamawa, ga na goye yana haƙori. Ga kuma matan unguwa da suke cika min tsakar gida tun ana saura kwanaki, kowacce da tsifaffen kai, kowacce tana rantsuwa ita ta riga zuwa. Abin da na samu a kitson Sallah shi ne shinkafarmu, shi ne man girkinmu, a wannan zamani da kananzir ya zama abin gani a kwalba. Jajibere yatsuna ba sa miƙewa. Kan 'ya'yana shi ne na ƙarshe da nake kamawa, ina yi suna gyangyaɗi. Duk wannan ban kawo kuka a kansa ba, haka kowace uwa take fama.

Na uku shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyata, Inna, tana Madadi, tsufa ya rikita ta. Matar marigayi yayana, Yaya Asabe, ita ke riƙe da ita, Allah ya saka mata. Inna ta manta sunayen jikokinta, ta manta Babanmu ya rasu, wani lokaci takan ajiye masa ruwan alwala. Amma ba ta manta azumi ba. Liman da kansa ya zo ya gaya mata an sauke mata shi, ta ciyar kawai, ta dube shi ta ce shi ya je ya ciyar. Da ta ji an tashi sahur za ta tashi, kuma ba mai iya sa mata ko ɗigon ruwa a baki sai ta ji kiran magariba.

Matsalar ita ce ba ta san ƙarshen wata ba. A ce mata an ga wata, ba ta yarda. Ta ji ganga, ta ga yara da sababbin kaya, ta ce biki ake yi. Idan Yaya Asabe ta kawo mata abinci da hantsi sai ta kawar da kai ta ce, “Ke Asabe ai tun kina amarya ciki ne da ke, ba a tambayar ki wata.” Alama ɗaya ce ta rage mata a duniya: ta gan ni na shigo da tuwon shinkafa da miyar taushe, jikokinta a bayana, ta shafa kansu ta ji sabon kitso. Tun da aka kai ni Dugabau haka nake yi duk ƙaramar Sallah, bayan an sauko daga idi. Sai ta shafa, ta ce, “Ashe an sha ruwa,” ta miƙo hannu a ba ta loma. In ban zo ba, a wurinta Ramadan bai fita ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa min. A ce in tafi tun jajibere: in bar wa wa surukina da kitson da muke ci da shi? A ce in ɗauko Inna ta yi Sallah a wurina: mun gwada sau ɗaya, ta wuni tana laluben ƙofar ɗakinta tana kuka. Kuma ita ma ai mace ce, a kan me zan ɗauko ta? A ce in hau mota: ranar Sallah direbobin hanyarmu suna gidajensu kamar kowa, kuma ko a ranar kasuwa mota ba ta shiga har unguwarsu Inna.

Na huɗu, wanda ya ɗauko ni bara. Sunansa Haladu, ɗan acaɓa ne, mutumin Madadi. Uwarsa maƙwabciyarmu ce, ta rasu wurin haihuwarsa ina da 'yan watanni. Inna ta ɗauke shi ta haɗa mu a ƙirjinta har aka yaye mu tare. Ta sa masa suna Ɗan Aro. Har muka girma tana tsokanarsa wai ya fi ni zuƙa, shi ya sa ya fi ni ƙashi. Ni ba malama ba ce, amma a Islamiyya an koya mana wanda kuka sha nono ɗaya ɗan'uwanka ne, babu aure tsakaninku. Ban taɓa rufe fuska don Haladu ba. Shi ya riƙe min akwati ranar da aka kai ni ɗakin miji, kuma tun da ya sayi babur shi yake zuwa ya kwashe mu ranar Sallah.

Bara muna isowa mahaɗa aka tare mu. Haladu ya ce, “Wallahi 'yar'uwata ce, nono ɗaya muka sha.” Ɗaya daga cikin yaran Malam ya yi dariya ya ce tun safe duk wanda aka kama da mace ƙanwarsa ce. Ban ga laifinsa sosai ba, na san ana yi musu ƙarya. Aka tambaye mu sunan uba, aka ji daban-daban, magana ta ƙare. Aka riƙe babur, aka ce da ni in koma gida. Na tsaya a gefen titi da yara cikin sababbin kaya, ƙaramar tana tambayata ko mun yi laifi ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai washegari da yamma na isa Madadi, rabi a motar kaya, rabi a ƙafa. Na tarar da Inna kwance an ɗaura mata ƙarin ruwa. Ta yi azumi ranar Sallah, ranar da Allah ya hana, ta kuma tashi da wani washegari, ga zafi, ta yanke jiki ta faɗi a bakin randa. Tuwon da na tuƙa ya riga ya lalace, na bar shi a gida. Yaya Asabe ta tuƙa wani a gurguje, na karɓa na fita waje na sake shigowa da sallama kamar yanzu na iso. Inna ta shafa kan yaran, ta ce mun yi latti, sannan ta buɗe baki. Malamin asibitin da ya duba ta ya ce jikinta ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba.

Na biyar, batun shaida. Da aka mayar wa Haladu babur ɗinsa an gargaɗe shi cewa in aka sake ganinsa da mace ba zai ƙara ganin babur ɗin ba, sai fa in ya kawo shaidar abin da ya faɗa. Mun nema. Mahaifinsa ya rasu, Babanmu ya rasu, ungozomar da ta karɓe shi ta rasu. Mai unguwa na yanzu sa'anmu ne, ya ce ya ji ana faɗa amma ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Wa yake kiran shaidu in zai ba maraya nono?

Cikin dattawan kwamitinku akwai wani bawan Allah da ya tausaya, ya bi Haladu har Madadi don ya ji daga bakin Inna. Ina gode masa har gobe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna Haladu ya ce ko ta san wannan. Ta dubi ƙaton mutum da gemu ta ce ba ta san shi ba. Yaya Asabe ta ce, “Inna, Ɗan Aro ne fa.” Sai Inna ta ɗora yatsa a baki ta ce su yi a hankali, Ɗan Aro yana ɗaki yana barci, yanzu ya sha ya ƙoshi, kada su tashe shi. Haladu ya fita zaure ya yi kuka. Dattijon ya dawo ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, cewa tsohuwa ba ta gane shi ba, aka rufe maganar a nan.

Jiya Haladu ya aiko min cewa in na ce ya zo zai zo, ko me zai faru. Yana da mata da yara, babur ɗin nan shi ne gonarsa. Ba zan iya ce masa ya zo ba, ba zan kuma iya ce masa kada ya zo ba. Ina kitso ina lissafin kwanakin wata, har wadda nake yi wa kitson ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Don haka ga roƙona, don girman Allah da darajar wannan wata. A bar Haladu ya ɗauke ni da yarana ranar Sallah, zuwa da dawowa, in an ga dama a haɗa mu da wanda zai bi mu a baya har ƙofar gida. In hakan ba zai yiwu ba, a nuna min abin hawan da doka ta yarda da shi wanda zai kai ni Madadi kafin azahar, ko amalanken shanu ne zan hau. In shi ma babu, to ina roƙon Malam ya je da kansa ya gaya wa Inna an ga wata. Wataƙila ta ji maganar babban mutum. Liman dai bai ci nasara ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya sa aikin da yake yi ya zama hujja gare shi ranar gobe. In mahaifiyarsa tana raye Allah ya bar masa ita da hankalinta, in ta rigaya Allah ya haskaka kabarinta.

Ni dai ba ni da wata dabara. Ranar Sallah zan tuƙa tuwon, in kitse kan yarana, in zo in tsaya a daidai inda aka sauke ni bara. Duk wanda ya ga mace da kula a hannu a gefen titi, ya sani akwai wata tsohuwa a Madadi da ba ta karya ba tukuna.

Wassalam.

Rabi mai kitso,
Dugabau.