Filanjin da Na Sa wa Hannu

Rayfield, Jos
14 ga Maris, 1978

Zuwa ga ɗana Shu'aibu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da mahaifiyarka kuna lafiya a Zariya. Akwai kuskure a labarin da maƙwabciyata Balaraba ta kai muku. Ba tukunyar tururi ce ta fashe ba, filanji ne, wato faifan ƙarfen da ke haɗa bututu biyu inda ake auna gudun ruwa.

Ƙa'idarsa ita ce fuskarsa ta yi sumul, kuma kada a bar ƙayar ƙarfe a hudar da ke kai wa geji ruwa, wato agogon da ke nuna awon. Lukuman, mai sassaƙa ƙarfe, ya bar ƙaya. Geji ya nuna ruwa kaɗan, aka ƙara wa famfo ƙarfi, kusoshi suka tsinke. Ɗaya ya fasa kan wani lebura, ya rasu nan take. 'Yan'uwansa suka rufe Lukuman da sifana har haƙarƙarinsa ya karye, da na shiga tsakani suna yi mini ihu, "Oga, matsa mu ƙarasa shi!" Na kwanta a kansa. Yatsu biyu kawai na rasa, na hagu, kada ku damu.

Kamfanin da nake wa aiki ya dawo da ni daga ritaya ne domin duba irin wannan aiki. Ranar da aka kawo filanjin, da ido kawai na duba, ban shafa hudar ba, na sa hannu. Jibi zan shaida wa kwamitin bincike haka, domin kada a ɗaure Lukuman shi kaɗai.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Ibrahima Yero

Na haɗo da zanen filanjin, da takardar asibiti, da kwafin bayanina. Ka karanta wa mahaifiyarka bayanin kafin ta ji daga bakin wani.