An Raba Sale da Aikin Majema

Daga Mai Girma Babban Alƙalin Challawa zuwa ga Malam Habu a Ikko. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin maijego?

Albishirinka! An raba autanku Sale da aikin majema. Ruwan jima ya cinye masa ƙafafu, amma babanku ya hana shi bari. Ranar Juma'a sai ga Mai Unguwa da Liman. Tsoho ya ce, "Ɗana ne!" Mai Unguwa ya ce, "Malam, ɗan naka ne, amma ƙafafun nasa ne." Jiya tsohon da kansa ya kai shi firamare.

A taya mu addu'a ƙafafun su warke, a gaida mutanen gida. Yaya, tashi daga durƙuson nan, ba alƙali ba ne, ƙanenka Ɗanladi ne.