Masakin da ke ƙarƙashin gadona

Anti Rahama, don Allah ki taimake ni da shawara. Saura mako uku bikin autata Haulat, amma ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni 'yar Ƙofar Sauri ce a nan Katsina, shekaruna hamsin da takwas. Na yi shekara goma sha biyar ina kiɗan ƙwarya. Mu bakwai ne a amadar Yaya Halima, ita ce zabiya, mu muna kiɗa muna amshi. A lokacinmu, duk wunin bikin da ba mu je ba sai mata su ce bai yi armashi ba. Har kaset biyu aka yi mana, kina shiga motar Batagarawa za ki ji muryarmu. Daga baya kiɗan fiyano ya shigo, di-je ya biyo baya, aka daina kiranmu. Ba faɗa muka yi ba, yayinmu ne ya wuce. Uku sun rasu, saura ni da Yaya Halima da Ladi da Ma'u.

Abu ɗaya ne ba mu bari ba. Muna da babban masaki, wanda ake cika wa ruwa a kifa ƙaramar ƙwarya a ciki ana kaɗawa. Duk wadda aka sa wa 'yarta rana a cikinmu, gidanta ake kai shi ya zauna har ranar wuni, mu taru mu yi wa yarinyar kiɗa. Ba a mayar da shi a bushe. Wadda ta mayar da shi ba a zuba masa ruwa ba, ta ce ta fita daga cikinmu ke nan, kuma ba wadda ta taɓa yi. 'Ya'yansu goma sha ɗaya na yi wa kiɗa da hannun nan nawa.

Kwana biyu da sa ranar Haulat, Yaya Halima ta ɗauko masakin da kanta a Napep, duk da ciwon gwiwar da ke damunta. Ta ce ta fara haɗa waƙar amarya, har ta sa sunan marigayiya mahaifiyata a ciki. Haulat ce budurwa ta ƙarshe a 'ya'yanmu duka, bayan ita babu wani bikin da za a kai shi.

To Haulat ta ce ba ta so. Ma'aikaciyar jinya ce, ƙawayenta 'yan zamani, sun kama wurin taro sun yi magana da di-je. Ta ce dariya za a yi mata a waya in aka ga tsofaffi suna dukan ƙwarya. Ban matsa mata ba. Na tura masakin ƙarƙashin gado, da Yaya Halima ta kira ta tambayi ranar wuni, na ce mata dangin ango ba su gama tsara biki ba. Ƙarya na yi, an riga an buga kati.

Tunda na fara, bari in faɗi sauran. Uwar angon ajinmu ɗaya a Islamiyya, a matsayin Hajiya kawai ta san ni, ba ta san na taɓa kiɗa ba. Waƙoƙinmu kuwa akwai habaici da maganganun da yanzu ko ni sai in sunkuyar da kai. Kunya nake ji ta gan ni zaune a tabarma ina kiɗa. Amma in na tuna fuskar Yaya Halima sai hawaye ya zubo mini. In mayar da masakin ne, ko in ɓata wa 'yata rana?

Uwar amarya, Ƙofar Sauri

Hajiya, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma sakin layinki na ƙarshe ya fi sauran gaskiya. Kin ce ba ki matsa wa Haulat ba. Ina ganin ƙin da ta yi ya zo miki daidai ne, kika fake a bayanta.

Haulat tana da gaskiyarta. Kowane zamani da kiɗan da yake rawa da shi, ku ma a lokacinku akwai tsofaffin da kuka ture. Ki bar mata wurin taronta da di-jenta. Dama ƙwarya ba ta wurin taro ba ce, in kin kai Yaya Halima can, amsa-kuwwa za ta danne muryarta yara su yi ta danna waya, kin wulaƙanta ta a banza.

Amma biki ba na amarya kaɗai ba ne. Wunin iyaye naki ne, a tsakar gidanki, da ƙawayenki. Ki ware la'asar ɗin Alhamis. Ki zaunar da Haulat ki gaya mata ma'anar masakin, don na tabbata ba ki taɓa yi ba, ki ce rabin sa'a kike so ta zauna a rera mata waƙarta. Ki nuna mata da gaske kike, ba roƙo ba.

Baitocin da ke sa ki sunkuyar da kai, ki gaya wa Yaya Halima ta tsallake su. Zabiya ce, ta san abin da ake rerawa gaban surukai. Uwar ango kuwa ki gayyace ta da bakinki. Macen da ta yi ƙuruciya a Katsina a wancan lokaci, da wuya a ce ba ta taka rawar kaset ɗinku ba. Ko ba ta taka ba, gara ta ji daga gare ki da ta ji a bakin 'yan biki.

Abin da ba zai jira ba shi ne ƙaryar nan. Kati ya fita, yau ko gobe wani zai kai wa Yaya Halima labari, kuma wannan zai fi yi mata ciwo a kan masaki busasshe. Kada ki kira ta a waya. Ki je gidanta da katin a hannunki, ki ce kin yi kuskure, ki faɗa mata rana. Matar da ta hau Napep da ciwon gwiwa saboda 'yarki ta cancanci ki taka ki same ta.

In kin dawo, ki jawo masakin ki wanke shi, ki duba ko ya tsage tun da sauran lokaci. Wannan ne ruwan ƙarshe da za a zuba masa, ki zuba da hannunki. Allah ya sanya alheri, ya ba Haulat zaman lafiya, ya ƙara wa Yaya Halima lafiyar gwiwa.

Anti Rahama