Hannun Inna

Litinin, 6 ga Maris, 2006
Na iso Azare da la'asar. Ƙanena Bappayo ya ce ciwon kan Inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, jiya har jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙwaryar nono. Ni ce 'yar fari, tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" nake.

Alhamis, 9 ga Maris
Na fito da na'urar awon hawan jini, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Wai ba za ta miƙa wa waccan hannu ba, ana kallo.
Abin dariya. Shekara da shekaru ina jami'a ina leƙa ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jijiyar jini. In sinadarin mata, estirojin, ya taɓa su, sinadarin kalsiyam ya kwararo cikinsu, su kuma su saki abin da ke sa jijiya ta saki jiki. In al'ada ta ɗauke, sinadarin ya ja baya, jijiya ta fara tauri. Na sani a jikin ɓera. A jikin uwata ko tambaya ba zan iya ba.

Asabar, 11 ga Maris
Bappayo ya gwada awon. Ya ɗaura abin a gwiwar hannu, a juye.

Lahadi, 19 ga Maris
Na je Katagum wajen Goggo Adawiyya, wadda ta goye ni bayan yaye. Gidan ya tsufa, tsamiyar tana nan. A gindinta nake tsayawa ina yarinya, in hango Inna ta doso da ƙwarya a ka, wuyanta ko rawa ba ya yi. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, sai daga baya in tarar da curin man shanu a kwanona. Ina kewar Innar wancan lokacin ƙwarai.
Goggo ta ce al'adar Inna ta ɗauke shekara uku ke nan. "Ni take gaya wa. Ke kuwa kunyarki take ji, ba ƙi ba."

Lahadi, 26 ga Maris
Shugaban sashenmu ya bugo waya. Ɓerayena na jira, in koma farkon wata.

Talata, 4 ga Afrilu
Da hantsi gida ba kowa. Ina shara sai na ga hannu ya fito ta labulen ɗakinta, hannu kawai.
"Yi maza kafin yaran su dawo."
Na ɗaura na'urar. Awon ya hau sosai. Na sa mata ƙwayar da likita ya ba Bappayo dominta a tafin hannu, hannun ya koma ciki, na ji ta haɗiye da ruwa. Sannan ya sake fitowa, ba na'ura ba komai. Na riƙe. Fatar ta yi laushi, ban san haka take ba.
Yau ya kamata in koma, amma ban je tasha ba. Zafi ya yi yawa, ina jin shi ya sa.