Bangon Gabas na Ɗakin Baba

Djougou, 4 ga Maris

Ƙanena Rachidou,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina iyali? A gaida Zinatu da yara.

Takarda na ba Bachir direba ya kawo maka, don tun da idon Baba ya mutu kunnensa ya yi kaifi, duk abin da na faɗa a waya yana ji daga ɗaki. Yau sati uku ke nan da ya faɗi a matakalar zaure. Bai karye ba, amma tun ranar bai sake taka tsakar gida ba. Salla a ɗaki, abinci a ɗaki. In na ce ya kama hannuna sai ya ce shi ba akuya ba ne da za a ja. Ni kuma na rufe rumfata a kasuwa, na bar maigidana Massaoudou da yara suna cin abincin maƙwabta, ina zaune bakin ƙofar Baba.

Ka taɓa ce mini aikinku shi ne waya ta nuna wa mutum hanya a cikin asibiti. Ba za ta iya nuna wa Baba hanyar gidansa ba?

Yayarka,
Rahinatou

Parakou, 7 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumussalam. Saƙo ya iso, kowa lafiya.

Za ta iya. Muna da na'ura mai ƙafa uku, a kafa ta tsakiyar ɗaki ta yi ta juyi tana auna komai da haske: bango, rufi, dokin ƙofa, kowace matakala. Daga nan ordinata, wato kwamfuta, ta haɗa ginin yadda yake, da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa. Sai wayar ta riƙa gaya wa mutum a kunne, taku huɗu gaba, juya dama, ga matakala. Wadda muka yi wa asibitin, Faransanci take yi, amma ta Baba zan sa mata muryata da Hausa.

Patoro, wato shugabanmu a wurin aiki, ya ce in ɗauki na'urar ranar Lahadi kaɗai, Litinin da safe tana bakin aiki. Ki ce wa Baba gaisuwa zan zo.

Naki,
Rachidou

Parakou, 19 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ga wayar nan a hannun Bachir. A rataya masa ita a ƙirji, idonta na kallon gaba, a sa masa abin kunne.

Akwai maganar da ba ta jira. Da na buɗe taswirar a ordinata sai na ga ɗakin Baba a karkace, na zaci ni na yi kuskure wajen awo. Na sake lissafi har sau uku. Bangon gabas ya jingina waje, samansa ya kauce da santimita goma sha huɗu, azarar da ke ɗauke da rufin kuma bai fi yatsa biyu ya rage mata a kan bangon ba. Da ido ba a gani saboda silin. Na nuna wa injiniyarmu, Madam Housseina. Ta ce ƙasar ginin ta sha ruwa daga tushe, kada mutum ya yi damina a ɓangaren nan gaba ɗaya, har da ɗakin da ke manne da shi.

Mun gyara masa ɗaki a gidanmu a nan unguwar Ganou, har na auna gidan na yi taswirarsa. Ni ba a ba ni hutu sai mun miƙa aikin asibiti ƙarshen Afrilu. Ke ce kusa, ke yake saurare. Ki yafe mini da na ɗora miki wannan.

Rachidou

Djougou, 2 ga Afrilu

Rachidou,

Gaisuwa mai yawa. Na jinkirta amsa don ban san ta inda zan fara ba.

Wayarka ta yi aiki. Kwana biyu tana ajiye bai taɓa ta ba. Na uku ina wanki sai na ji muryarka a bayana tana cewa taku biyu, ga rijiya a hagu. Na waiga, ga Baba tsaye a rana yana musu da kai, wai taku uku ne, kai dogayen ƙafafu gare ka. Ya kai zaure, ya sauka matakalar da ta kayar da shi, ya zauna a dakali har la'asar mutane na ta tsayawa gaisuwa. Sati guda na bar shi yana haka, na kasa gaya masa maganar bangon.

Ranar Juma'a na gaya masa. Bai yi mamaki ba. Ya ce shekara biyu yana shafa tsagar bayan gadonsa, da farko farce ke shiga, yanzu yatsu huɗu. Sai ya ce: "Rahinatou, a nan na san inda komai yake. A Parakou ajiye ni za ku yi kamar buhun doya."

Ya cire wayar ya miƙo mini, ya koma ɗaki. Tun ranar bai fito ba. Na kawo Malam Sahabi limamin unguwa, sun daɗe a ciki, ya fito yana girgiza kai. Waɗanda suka zo daga Kolokondé jiya sun ce an yi ruwan farko a can. Ina rubutun nan ina duban hadari ta gabas. Ba ni da ƙarfin ɗaukarsa, ba ni da zuciyar barinsa.

Yayarka,
Rahinatou

Djougou, 5 ga Afrilu

Daga Alhaji Iliassou zuwa ga ɗansa Rachidou. Malam Sahabi ke rubutawa, ni nake faɗa.

Bayan sallama da sa albarka. Yayarka ta kwaso tabarmarta da kayanta ta shigo ɗakina, ta shimfiɗa a gindin bangon nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce inda na zauna nan za ta zauna. 'Ya'yanta huɗu, ƙaramar ba ta yi wayo ba. Ni na shirya wa bangon nan, amma ban shirya ya faɗo mata ba.

Ka aiko da gidan naka na Ganou a cikin waya, don in ji shi tukuna. Ka gaya mini taku nawa ne daga gado zuwa bayan gida, kuma ka auna da ƙafar tsoho. Ka ce wa Bachir kada ya sayar da kujerar gaba ranar Alhamis.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka