Jiran Fadama Ta Daskare

Litinin, 4 ga Disamba

Mahinur, maƙwabciyar Inna a ƙauye, ta buga waya. Inna ta daina cin komai sai shayi da madara. Ta ba Inna wayar. Muryar kamar daga cikin rijiya: "Nurziya, ke za ki wanke ni. Ban yarda da hannun kowa ba." Na ce in Allah Ya yarda.

Tsakaninmu kilomita saba'in na fadama da tafki biyu. Ba a buɗe hanyar hunturu ba, wadda ake bi ta kan ƙanƙara.

Laraba, 6 ga Disamba

Rifkat ya fito da babur ɗin ƙanƙara. Takardunsa sun mutu tun bara, lambar ma da waya ya ɗaure ta. Na ce ya je ya sabunta. Ya yi dariya: "Yaya Malama, su wa za su tare mu a fadama? Kyarketai?" Ƙanena ne, ni na goya shi, amma idan ya ce Malama da wannan bakin sai in ji kamar ya mare ni. Ya dai je.

Alhamis, 7 ga Disamba

Dusar ƙanƙarar bana ta riga tsananin sanyi sauka. Ta lulluɓe fadamar kamar bargo, ƙasan bai daskare ba. Mazan ƙauye suna fita kullum suna tattake ta don sanyi ya ratsa. Ba a buɗe hanya sai mai awo ya huda ƙanƙara ya samu santimita goma sha biyar. Yau tara.

Na haɗa kaya: igiya, gatari, ashana cikin kwalba, bel da fulogin babur na ko-ta-kwana, hular kwano biyu, safa. Likkafani da kafur a ƙasa, yadda Rifkat ba zai gani ba.

Asabar, 9 ga Disamba

Mun yi faɗa. Wai ya san wata hanya ta gefen tafki na biyu, awa uku mun isa. "Tara ma tana ɗaukar babur, in dai ba ka tsaya ba." Na ce in ka tsaya fa? Na tuna masa 'ya'yansa mata uku. Na ce tsohuwar da ta koya mana karatu ta sha faɗa, rai amana ne, ba a jefa shi cikin halaka.

Ya ce, "To ki karanta wa ƙanƙarar Yasin ta yi kauri."

Makullin babur ɗin yana cikin aljihun rigata. Allah Ya yafe mini, ban taɓa ɗaukar kayan wani a ɓoye ba.

Lahadi, 10 ga Disamba

Goma sha ɗaya. Inna a waya: "Har yanzu kina awo? Tun kina ƙarama sai kin hura shayi ya huce." Ta yi 'yar dariya, tari ya ƙwace mata.

Talata, 12 ga Disamba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar.

Laraba, 13 ga Disamba

Sun binne ta. Mahinur ce ta yi wankan, da shekarunta tamanin da hannunta mai rawa. Ta yi ta ba ni haƙuri, wai ta manta ko ta fara da dama. Na ce Allah Ya karɓa. Rifkat bai zo gidana ba. Na aika masa makullin.

Juma'a, 15 ga Disamba

An buɗe hanya jiya. Goma sha shida. Mun taho ƙauye, takardu a aljihu, hula a ka.

A tafki na biyu, ta gefen da ya so mu bi, ruwa ne baƙi ƙirin yana hayaƙi, bai daskare ba. Ya rage gudu, ya duba. Sai ya ce, "Kin riƙe da kyau, Yaya?" Ba Malama. Na zata zan ji sauƙi. Ban ji ba.

Litinin, 18 ga Disamba

Rifkat ya koma birni shi kaɗai. Na ce masa kayan Inna zan kintsa, mako ɗaya ko biyu.

Tsofaffin mata shida suka rage a ƙauyen nan. Ɗazu Mahinur ta riƙe hannuna ta jujjuya shi, ta daɗe tana dubawa, kamar mai neman wadda za ta wanke su.

Na dai sa an kawo mini itacen da zai kai narkewar ƙanƙara. Gidan akwai sanyi, shi ke nan.