Ƙorafi Kan Hana Bindiga a Wasan Tebur na Ɗaki na Uku

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Cibiyar Al'umma,
Ofishin Shugaba, hawa na biyu.

Daga:
Kafinta mai shago a layin bayan cibiya.

Kwanan wata: Litinin, 9 ga Yuni.

Game da: Dokar hana mai bindiga a wasan labari na tebur, da abin da ta jawo wa yayana.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da kujerarka. Ni ba mutumin wasa ba ne. Ɗan abin da na sani da kaina na koya, tsakanin zarto da littattafan aro, kuma har gobe ina ganin bai kamaci mai furfura ya ɓata yammacinsa kan ɗan ludo ba. Na faɗi haka ne don ka san ba son wasa ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Duk Asabar mutum shida ke zama a ɗaki na uku. Wani tela ne ke jan labari: shi zai ce ga daji, ga dodo, ga gada. Sauran kowa yana da mutumin da ya ƙirƙira a takarda, ya raba masa makin ƙarfi da basira da saurin hannu, ya zaɓa masa makami. In mutuminka zai yi wani abu, sai ka jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ne hukunci. Na fara zuwa ne da niyyar kama su da caca. Na zauna har aka tashi, ban ga caca ba.

Yayana tsohon soja ne. Tun da ya ajiye kaki magana ta ƙaurace masa. Daga gaisuwa sai gyaɗa kai. Abokinsa na ƙuruciya, mai shagon magani, shi ya ja shi teburin nan. Ga ƙorafina:

1. Ranar Alhamis, 22 ga Mayu, mataimakinka mai kula da ɗakuna ya liƙa sanarwa cewa daga ranar babu mutumin wasa da zai riƙe bindiga, wai don kare tarbiyya. Ranka ya daɗe, a zancen tarbiyya ba ya gabana. Amma wata malamar makaranta cikin 'yan teburin tana da boka mai ƙone gari da wutar tafin hannu, an bar ta. Wani direba a cikinsu yana da ƙato mai tsaga mutum biyu da gatari, an bar shi. In kisa ake ƙyama, a hana duka. Mataimakin bai taɓa zama ya ga wasan ba. Ta taga ya leƙa.

2. Ba a duba irin mutumin da aka hana ba, wato mai bindigar da yayana ya ƙirƙira. Yayana ya daɗe yana gina shi, yana rubutawa yana gogewa. 'Yan tebur suka ba shi shawarar ya zuba maki a saurin hannu don ya riƙa harbi biyu a juyi ɗaya, ya ƙi. Ya zaɓi bindigar toka, wadda sai an ɓata juyi biyu ana ɗura ta, kuma in ɗan ludo ya nuna ɗaya ta cije. Makinsa ya zuba a kaifin ido, da haƙuri, da ɗaurin rauni. Ya rubuta masa ƙa'ida da hannunsa: ba ya harbi sai ya yi gargaɗi, ba ya harbin wanda ya juya baya. Suka laƙaba masa Sai-an-jima. Direba kan tsokane shi cewa kafin ya gama ɗuri dodon ya yi aure ya haihu. Yayana ya yi dariya, ranka ya daɗe, da kunnena na ji. Kuma ta bakin Sai-an-jima yake faɗin abin da bai taɓa faɗa a gida ba: yadda ƙafa ke mutuwa a cikin rami, da yadda ake raba kayan wanda bai dawo ba. Wannan ne mutumin da aka ce yana ɓata tarbiyya.

3. An ƙwace ɗan mutum-mutumin katako da ke wakiltarsa a kan tebur. Ni na sassaƙa shi da guntun maɗaci, duk da ra'ayina kan wasan, domin Yaya ne ya roƙe ni, kuma rabon da ya roƙe ni wani abu har na manta. Tsawonsa bai wuce babban yatsa ba, bindigar kuwa ba ta kai tsinken ashana ba. Mataimakinka ya kulle shi a aljihun teburinsa ya ce makami ne.

4. Wannan shi ne mafi muni. Ranar Asabar, 24 ga Mayu, mataimakin ya tsaya a bakin ƙofa ya shaida wa tela cewa ko dai a fitar da mai bindiga daga labarin a wannan zaman, ko a miƙa makullin ɗaki. Tela ya roƙi yayana ya karɓi baka da kibiya a madadi. Yayana ya ce wannan wani mutum ne daban. Tela ya ga ɗakin zai suɓuce musu, sai ya sa gada ta rufta da Sai-an-jima. A al'adar teburin nan ba a kashe mutumin kowa sai an jefa ɗan ludo, don mai shi ya samu damar kare shi. Ranar ba a jefa ba. Kuma wanda ya mutu ba ya dawowa sai dukan tebur sun yarda. Yayana ya ninke takardarsa, ya bi kowa ya ba shi hannu, har da mataimakin naka, ya fita. Tela ya yi ta sintiri a shagona yana ba da haƙuri. Na ce masa ya yi ragwanci, amma ba shi ya kafa dokar ba.

5. Tun daga ranar yayana bai zauna wuri ɗaya ba. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa ɗaki. Ya ɗauki kofi ya ajiye bai sha ba. Ya zo shagona ya tsaya a kaina, ya gyara katakon da ba ya buƙatar gyara, ya tafi ba sallama. Matarsa ta daina tambayarsa, ni take tambaya. Ni kaina na yanke ƙafafun teburin mutane ba daidai ba, abin da ban yi ba tun ina koyon aiki. Na je wurin mataimakinka, aka ce yana taro. Na koma, ya aiko a ce in rubuta. To, ga shi na rubuta.

Saboda haka ina roƙonka, cikin ladabi:

(a) A janye dokar, ko a taƙaita ta ga zaman ƙananan yara, wanda ni ma zan goyi baya.

(b) A damƙa mini mutum-mutumin a hannuna.

(c) A ba tela izini a rubuce ya dawo da Sai-an-jima. 'Yan tebur duk sun yarda. Tela har ya tsara yadda kogi ya tafi da shi ya ajiye shi a gaɓa da ransa. Sa hannunka kawai ya rage.

(d) Ba na neman a hukunta mataimakinka. A sa shi ya zauna zama ɗaya daga fari har ƙarshe, sannan ya yi hukunci.

Yayana bai san na rubuta wannan ba, kuma in ya sani zai yi mini faɗa. Shekaranjiya matarsa ta same shi ya shimfiɗa takardar mutumin nasa a kan tebur, ya ɗora ƙyalle, yana bin ta da dutsen guga don ninkin ya fita. Ban san iya tsawon jiran da zai iya yi ba, kuma ba na so in sani. Ina roƙon amsarka kafin Asabar mai zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Kafinta, ƙanin tsohon soja.